Boka a Hannun Marubuci: Ruwan Bagaja da Abin da Ran Abubakar Imam Ya Fi So

Labarin al'ajabi, wato ƙagaggen labarin da ake ginawa a kan abubuwan da suka saɓa wa yadda duniya take tafiya, irin su aljanu da tsuntsaye masu magana da garuruwan da ƙafa ba ta kai wa gare su, kusan kullum yana buƙatar mutum guda wanda asirin wannan baƙuwar duniya yake hannunsa. A adabin Turawa wannan mutum yakan zo a siffar tsoho mai dogon gemu da sanda, wanda sarakuna ke neman shawararsa, a tsofaffin labaran Larabawa kuwa yakan zo a matsayin kahini ko masihirci mai aiki da taurari da ɗalasimai, wato rubuce-rubucen asiri da ake ɗaure aljanu ko a tsare taska da su. Bahaushe ma bai rasa nasa ba, domin al'adarsa ta san boka, mai magani da tsirrai wanda kuma ake ganin yana hulɗa da iskoki, ta san matsafi mai bautar wani abin tsafi don biyan buƙata, ta kuma san malamin tsibbu, wanda yake amfani da rubutu da hatimi da bugun ƙasa wajen taimakon masu zuwa wurinsa. Ta san layar zana da ake cewa tana ɓatar da mutum, da sagau mai sandarar da hannun abokin faɗa, da kau-da-bara mai kautar da makami. Da irin wannan tarin kaya a gida, mai karatu zai zaci cewa littafin al'ajabi mafi shahara a harshen Hausa zai ƙunshi wani gawurtaccen boka wanda labari ke kewaya shi, amma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ba shi da irin wannan mutum, kuma dalilin rashinsa yana komawa ne ga halin marubucin da abubuwan da ransa ya fi karkata gare su.

Ba a kan Imam aka fara ganin tasirin son ran marubuci a jikin bokan da ya ƙirƙira ba. J. R. R. Tolkien, malamin tsohon Ingilishi a Jami'ar Oxford ta Ingila, wanda littafinsa The Hobbit ya fito a 1937, mutum ne mai ƙaunar tsofaffin harsuna da itatuwa da shan lofe, mai ƙyamar hayaƙin masana'antu, sai ga shi ya ɗauko sunan masihircinsa Gandalf daga wata tsohuwar waƙar mutanen arewacin Turai, ya ba shi lofe, sa'an nan a littafin da ya biyo baya ya mai da mugun masihirci Saruman mai sare daji yana kafa maƙeru. Ursula Le Guin ta Amurka, wadda mahaifinta masanin al'adun al'ummomi ne, ta gina sihirin littafinta A Wizard of Earthsea na 1968 a kan sanin sunan gaskiya na kowane abu, ta kuma sa babban abokin gaban jarumin ya zama inuwar da girman kansa ya saki. Wanda ya karanta waɗannan littattafai da lura zai iya sifanta marubutansu ko da bai taɓa jin tarihinsu ba, kuma haka lamarin yake ga littafin Imam.

Asalin Ruwan Bagaja gasa ce da aka shirya a 1933 a ƙarƙashin Hukumar Talifi ta Zariya, wadda Baturen nan Rupert East yake shugabanta, kuma manufarta ita ce a samar wa waɗanda suka koyi karatun boko abin karantawa na nishaɗi a harshensu. East ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai, ya kuma rubuta daga baya cewa aikin bai zo da sauƙi ba, saboda malaman wancan zamani suna ganin alƙalami kayan addini ne da tarihi, ƙaga labari kuwa sha'anin mata ne da yara a dandali, wanda ita kanta mai tatsuniyar takan rufe shi da amsa cewa ƙarya ta shirga. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana da shekara 22 a lokacin, bai daɗe da gama Kwalejin Horon Malamai ta Katsina ba, yana koyarwa a Makarantar Midil ta garin. Gidansu gidan malanta ne da alƙalanci, ya tashi da karatun allo da na littattafan Larabci kafin ya haɗa da Ingilishi, saboda haka ya shiga gasar da taskoki uku a kansa: tatsuniyar gida, da adabin Larabawa, da labaran Turawa da ya tarar a ɗakin karatun kwaleji.

Dukkan ukun sun bar alama a littafin. Sunan kansa daga tatsuniya ya fito, wadda ake aiken 'yar bora wanki a wani ruwa mai nisa da ake kira Bagaja, ta dawo da arziki saboda ladabinta. Gangar jikin labarin, wato fita neman ruwan da zai warkar da wani na gidan sarauta, da ɗan'uwa maci amana da yake neman ƙwace sakamakon wahalar a ƙarshe, masana sun daɗe da nuna kamanninta da labarin ruwan rai da ke cikin tarin tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Jamusawa, su Grimm. Zamanin da aka ajiye labarin a cikinsa kuwa shi ne na Shaihu ɗan Ziyazzinu, wanda ba kowa ba ne illa Saifu ɗan Zi Yazan, sarkin Yaman na ƙarni na 6 da Larabawa suka gina doguwar hikaya a kansa, hikayar da ke cike maƙil da masihirta da aljanu. Ita ma ƙasar Irami, inda aka ce ruwan yake a hannun aljanu, sunanta sananne ne ga duk wanda ya karanta Suratul Fajri. Wannan yana nuna cewa Imam ya san labaran manyan masihirta sarai, ya ma yi musu ishara tun daga farkon littafinsa, sai dai da ya zo zaɓen abin da zai cika shafuka da shi, hannunsa ya tafi wani wuri dabam.

Jarumin littafin, wanda marubucin ya raɗa wa suna Alhaji Imam, yana ba wani mutum mai suna Koje Sarkin Labari tarihinsa ne a Kwantagora. Ya bar gida ne domin ya wanke mijin mahaifiyarsa, Liman, daga wulaƙancin da aka yi masa a fada sa'ad da ya ce ruwan Bagaja ne maganin ciwon ɗan sarki, aka ɗauki maganarsa tatsuniya. Tun a farkon tafiya wani tsoho mai ibada a kogon dutse ya shaida masa inda ruwan yake, kuma a ka'idar irin wannan labari daga nan sai a shiga gwagwarmaya da dodanni da tsafe-tsafe. Amma Imam ya ajiye aljanu a gefe har zuwa kusan ƙarshen littafi, ya ɓatar da mafi yawan tafiyar a kasuwanni da zaurukan sarakuna da gaban alƙalai da gidajen kurkuku, inda Alhaji yake karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman gari bayan gari, kowannensu yana haƙa wa ɗan'uwansa rami. A nan ne zuciyar littafin take, kuma mafi yawan waɗanda suka karanta shi a makaranta, in aka tambaye su abin da suke tunawa, wasan kurar da ke tsakanin waɗannan mutum biyu za su fara ambata kafin su tuna yadda aka ɗebo ruwan.

Wurin da ya fi bayyana halin marubucin shi ne inda Alhaji ya sauka a wani gari ya mai da kansa babban malami, alhali ba shi da karatun da zai tsaya a kai, mutane suka yi ta kawo masa sadaka da girmamawa har Zurƙe ya iso ya nemi tona masa asiri. Aka haɗa su muƙabala, wato gwajin ilimi a bainar jama'a, sai Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa ya ce a faɗi ko mene ne, Zurƙe ya yi ta kawo sunayen haruffan da suka yi kama da zanen kamar yadda kowane almajiri zai yi, Alhaji kuwa ya ce ai siffar jinjirin wata ce, jama'a suka duba suka ga haka ne, aka kori mai karatun da ihu aka bar jahilin a kan buzu. Abin lura a nan shi ne, duk ƙarfin da ake jingina wa boka ko malamin asiri, wato kwarjini da tsoron da mutane ke ji da dukiyar da ke biyo baya, Alhaji ya same shi ba tare da ya mallaki aljani ko ɗaya ba. Abin da ya mallaka shi ne sanin halin taro da saurin harshe. Saurayi ɗan shekara 22, ɗan gidan malamai, ya zauna ya nuna wa masu karatunsa cewa rabin abin da ake kira asiri a gari, yardar masu kallo ce ke ƙera shi, kuma ya yi haka cikin raha yadda ba wanda zai ce an zage shi.

Ana iya gano tushen wannan zaɓi a cikin irin karatun da Imam ya fi jin daɗi. Tsarin mutum biyu masu haɗuwa a garuruwa dabam-dabam, ɗaya yana ba da labari ɗaya kuma yana sauya kama yana damfarar jama'a da fasahar baki, shi ne tsarin Maƙamat na Hariri, malamin Basra da ya rasu a 1122, littafi mai babi 50 wanda almajiran ilimi a zaurukan ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa don ƙwarewa a lugga, wato zurfin kalmomin Larabci. A can Harisu ɗan Hammam ne mai ba da labari, Abu Zaid na Saruj kuma shi ne ɗan duniyar. Imam ya ɗauki wannan tsari ya yi masa gyara guda mai muhimmanci, domin ya hana mai ba da labarin zama ɗan kallo, ya mai da shi ɗan duniya na biyu, har ya zamana ba a iya rarrabe wanda ya fi wani iya shege. Ƙaunarsa ga zaman shari'a, inda ake kayar da mutum da kalmar da ta fito daga bakinsa, ita ma ba ta rasa nasaba da tashi a gidan alƙali. Akwai kuma dalili na aƙida, domin a wurin malamin Musulunci sihiri babban zunubi ne, kuma zai yi wuya marubuci irin Imam ya ɗora mai aikata shi a kujerar jarumi. Saboda haka ya raba ikon gaibu gida biyu, ya ba tsofaffin bayin Allah masu ibada sani da shiryarwa, ya bar wa aljanu abubuwan mamaki tunda su halitta ce da Alƙur'ani ya tabbatar, ya bar ɗan Adam na cikin kasuwa da wayonsa kawai.

Sauran littattafan gasar suna tabbatar da cewa wannan zaɓin mutum ɗaya ne, domin al'ada guda da zamani guda sun haifar da abubuwa dabam a hannun wasu. A Jiki Magayi asiri gaskiya ne mai ban tsoro: Abubakar, wanda attajiri Malam Shaihu ya raba shi da Zainabu, ya shiga duniya yana neman wanda zai haɗa masa abin ramuwa, ya sha baƙar wahala kafin ya samu, kuma abin ya ci, domin ɗan da aka haifa a wannan aure ya lalace da sata har ya zama ajalin mahaifinsa. Babu dariya a wannan littafi, kuma shi ne ya fi kusa da hoton boka mai iko a cikin biyar ɗin. Ganɗoki kuwa, wanda yayan Imam ne ya rubuta shi, ya bi son ran mai shi ta wata fuska. Bello Kagara, wanda aka haifa a 1890 kuma ya riski zuwan Turawa yana yaro, daga baya ya zama Walin Katsina, mutum ne mai sha'awar tarihi da yaƙi, saboda haka jaruminsa mayaƙi ne mai kirari da layu wanda ya fafata da sojan Turawa kafin labari ya ɗauke shi zuwa ƙasashen aljanu. Wa da ƙane, gida ɗaya, gasa ɗaya, ɗaya ya ga al'ajabi a bakin takobi, ɗaya ya gan shi a bakin mutum.

Aikin da Imam ya yi bayan wannan ya ƙara fito da halin nasa fili. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce mai juzu'i uku, yana tsamo labarai daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turai da na Indiya yana sa musu rigar Hausa. A cikin waɗannan labarai ana samun aljanu da kayan sihiri nan da can, amma wanda ya riƙe ragamar littafin gaba ɗaya aku ne, tsuntsun da ba shi da makami ko laya, wanda ya tsare ɗan sarki Musa daga makircin waziri ta hanyar ba shi labari dare bayan dare, har ya kai ga samun sarautar waziri da bakinsa. A wurin da wani marubuci zai ajiye tsohon masihirci a gefen karagar sarki, Imam ya ajiye mai iya magana, kuma sunan littafin ma ya isa shaida. Daga Janairun 1939 ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya koma rubutun tarihi da addini da bayanin kimiyya, irin littattafan Ikon Allah da suka yi tare da East, waɗanda ke bayyana wa mai karatu al'ajabin halitta ta hanyar dalili.

Kaduna tana da nata rabo a wannan tarihi. A nan Imam ya zauna a Majalisar Dokokin Jihar Arewa da ke Lugard Hall a farkon shekarun 1950, a nan kuma ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa daga tsakiyar shekarun, aikin da ya ƙunshi zama gaban masu neman muƙami a rarrabe mai sani da mai da'awar sani, wanda ba zai zama baƙon abu ba ga mutumin da ya rubuta muƙabalar Alhaji da Zurƙe. Bayan rasuwarsa a 1981, gidan talabijin na NTA Kaduna ne ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo a shekarun 1980, inda marigayi Ƙasimu Yero yake cikin fitattun 'yan wasan, kuma ta wannan hanya yaran Unguwar Sarki da Kawo da Tudun Wada da yawa suka san labaran kafin su riƙe littafin a aji.

Gawurtaccen bokan da Imam ya ƙi ba wa fili ya samu shiga adabin Hausa daga baya, ta ƙofar abin da masu karatu ke kira littattafan yaƙi, waɗanda suka yawaita tare da bunƙasar adabin kasuwar Kano daga shekarun 1990. Hikayar Saifu ɗan Zi Yazan ta fito da Hausa da sunan Malikussaifi ta hannun Aliyu Abubakar Sharfaɗi, marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini kuma suka yi suna da dogayen labaran sadaukai da matsafa masu juzu'i da yawa, waɗanda matasa ke saye ko haya a wurin masu sayar da littattafai na kasuwannin Kaduna da Kano, yanzu kuma suke saurare a wayoyinsu. A irin waɗannan littattafai boka yana da madubin tsafi da yake hango nesa da shi, da rundunar aljanu, da shekaru ɗaruruwa a duniya, sai dai kusan kullum yana ɓangaren kafirci ne, kuma ƙarshensa shi ne tsafinsa ya rushe a gaban jarumin da ya ambaci sunan Allah. Ta wannan fuska ba su yi nisa da Imam ba, domin su ma ba su yarda mai sihiri ya zama abin koyi ba, kuma har yau adabin Hausa bai karɓi irin Gandalf, wato masihirci nagari mai renon jarumi, a matsayin abin da aka saba ba. Gurbinsa malami ne ko waliyyi ko aljani Musulmi yake cikewa.

Ba za a raina waɗannan littattafai ba, domin sun riƙe dubban matasa a kan karatun Hausa a lokacin da makarantu suka yi sakaci da shi, kuma wasu daga cikin marubutansu suna da ƙarfin zuciyar ƙaga duniya sukutum wanda Imam bai nuna sha'awarsa ba. Rauninsu yana wurin da ƙarfin Ruwan Bagaja yake. Bokayensu sun cika kama da juna, ana bambanta su ne da yawan aljanu da munin fuska, kuma da wuya mai karatu ya gane daga jikinsu abin da marubucin yake so ko yake ƙi a rayuwarsa, saboda an ɗauko su ne daga littafin da ya gabata. Shi ma Imam ɗauko kayansa ya yi daga littattafan wasu, har an yi ta muhawara a kan yawan aron da ya yi, amma ya tace abin da ya ara da son ransa, ya zubar da abin da bai dace da halinsa ba ko da shi ne mafi ƙyalli. Shi ya sa bayan fiye da shekara 90 da fitowar littafin, Malam Zurƙe, wanda bai taɓa tashi sama ko ya juya mutum dabba ba, ya fi kowane matsafi na littattafan yaƙi zama a bakin masu karatun Hausa.